Tabarmar Ƙarshe ta Jirgin Nuhu

Ba na so in faɗi abin da ba haka ba, don haka ba zan ce ga shekarar ba. Abin da na tabbata shi ne ina aji uku a firamare, muna zaune a wajen Maruta, inda Baba yake aiki a ɗakin shan magani. Mu kaɗai ne Kirista a layinmu. Ran Lahadi mukan taka har cikin Gwaram, zuwa wata ƙaramar majami'a ta ƙasa mai rufin kwano, mu dawo da azahar.

Kaka, mahaifiyar Baba, tana tare da mu. Da an kira magariba a masallacin unguwa, an ci tuwo, sai ta ja kujerarta kusa da murhu ta jera masara a kan garwashi. 'Ya'yan Malam, maƙwabcinmu, sukan shigo idan an tashe su daga karatu, mu zauna tare muna ƙona yatsu. Kaka tana da nata salon buɗe tatsuniya. Takan ce, "Ga wata baƙuwa a bakin ƙofa, wa zai ba ta wurin zama?" Mu amsa, "Ta zauna nan." Idan ta gama kuma sai ta ce, "Baƙuwa ta tashi, ku kakkaɓe mata tabarma."

A makarantar Lahadi akwai wani wasa da muke kira Jirgin Nuhu. Malamarmu takan shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiya, mu riƙa zagayawa muna waƙa tana kaɗa ganga. Da gangar ta tsaya, kowa ya faɗa kan tabarma. Wanda ya rasa wuri, sai a yi masa ihu, "Ruwa ya cinye ka," ya koma gefe. A ɗauke tabarma ɗaya, a ci gaba, har a rage yaro ɗaya.

Kullum ni ruwa yake fara cinyewa. Gudu ina da shi, amma an koya mana cewa ture ɗan'uwa zunubi ne, ni kuwa duk abin da aka ce zunubi ne sai ya tsaya mini a wuya. Ina ganin wuri sai in tsaya in duba ko wani yana so, kafin in gama dubawa an cike.

Wata Lahadi na dawo na kasa cin tuwo. Kaka ta lura.

"Ƙawata, miyar ce ba ta yi miki ba, ko yau ma kin ɗauko duniya a kai?"

Na ce, "Kaka, wanda ruwa ya cinye a wasa, ranar ƙarshe ma a waje za a bar shi?"

Ta dube ni, ta juya masara. Sai kawai ta kira baƙuwar nan tata, ta buɗe tatsuniya.

Ta ce wata shekara aka yi ruwa kwana da kwanaki har daji ya zama kogi. Dabbobi suka gudu kan wani dutse, irin manyan nan na Birnin Kudu. Kura ta riga kowa hawa, ta naɗa kanta mai dutse, ta kafa doka: wanda ya zo ƙarshe, ruwa ne rabonsa. Can sai ga hawainiya tana tahowa, tana ɗaga ƙafa kamar mai neman izini a wurin ƙasa. Kura ta ce wuri ya ƙare. Jaki, wanda ba a taɓa neman shawararsa ba, ya ce, "Dutse ya cika, amma bayana ba kowa." Hawainiya ta hau.

Ruwa ya ƙaru, dutse ya ragu. Akuya ta ga ruwa a kofatonta, ta hau bayan jaki, hawainiya ta matsa ta hau bayan akuya. Kaza ta bi, kare ya bi. A ƙarshe wurin da ya rage bai wuce na kofato huɗu ba, ga kura a bakin dutse, wutsiyarta cikin ruwa, tana kuka. A nan Kaka takan maƙale murya ta yi kukan kura, har 'ya'yan Malam su faɗi don dariya. Jaki ya ce ita ma ta hau, amma sai an ɗaure mata baki da igiyar rama. Haka suka tsaya, wani kan wani. Hawainiyar nan da ta zo ƙarshe ita ce can sama, ita ce kuma ta fara hango kan bishiyoyi, ta ce, "Ruwa ya janye."

Sauran yara suka tafa. Ni kuwa na ce, "Kaka, bayan jakin bai karye ba?"

"Ya yi ciwo, ƙawata. Har yau in kin ji yana kuka, bayan ne yake tunawa. Amma ba wanda ya nitse."

"To da ruwan bai janye ba fa?"

"Ke, ci masararki. Ruwan tatsuniyata ne, ni na san inda na tsayar da shi."

Ban gane cewa amsar tambayata ta ba ni ba. Na ɗauka ta manta ne. Na kwanta ina tausayin jaki.

Kaka ta rasu ina budurwa. Yanzu ina Birnin Kudu, ina ɗinki, karatuna bai wuce aji shida ba. Shekarun baya Fasto ya ba ni ajin ƙananan yara saboda babu wani. Na ji tsoro sosai, kada in koya wa 'ya'yan mutane kuskure. Don haka na riƙe komai yadda aka yi mana, har da Jirgin Nuhu, ban canja ko kiɗan ganga ba.

Akwai wata yarinya a ajin, Tabita, 'yar shekara bakwai, ƙafarta ta hagu ta shanye tun tana jaririya. Lahadi uku a jere ita ruwa ya fara cinyewa. Ta huɗu ba ta zo ba, ta biyar ma haka. Na gamu da mahaifiyarta a kasuwa, na tambaye ta ko jiki ne.

Ta ce, "Lafiyarta ƙalau, Malama. Cewa ta yi ruwa ya riga ya cinye ta, me za ta zo yi kuma."

Na tsaya riƙe da kayan miya, ƙamshin masarar Kaka ya dawo mini kamar a gabana ake gasa ta. Abin da aka yi mini, shi na yi wa yarinyar da hannuna.

Duk da haka sai da na yi kwana uku ina juya maganar. A Littafi Mai Tsarki an rufe jirgin, waɗanda suke waje sun halaka. In na sa kowa ya shiga, ban ƙara wa Maganar Allah abin da babu ba? Na je wurin Fasto da wannan. Ya saurare ni har na gama.

"Malama Rahila, wa ya rufe ƙofar jirgin?"

"Ubangiji ne, Baba Fasto."

"To, ke ya ba ki makullin ne?"

Ran Asabar na je gidansu Tabita. Ban iya lallashi ba, sai na zauna a dokin ƙofa na ba ta labarin hawainiya, har da kukan kura, wanda ban iya kamar Kaka ba. Ta ce za ta zo ta gani, amma ba za ta yi wasa ba.

Washegari na faɗa wa yara sabuwar doka: tabarmi za su riƙa raguwa, amma in yaro ɗaya ya rage a waje, dukanmu mun nitse. Suka fara ja wa juna hannu, ana tsayawa a ƙafa ɗaya, ana riƙe wuyan juna. Da aka zo tabarmar ƙarshe, wata babbar yarinya ta waiga ta ga Tabita zaune a gefe, ta ce, "Malama, ai saura ɗaya." Ta je ta goya ta. Suka cunkushe suna tangaɗi, ni ina zagaye su da hannuwa a buɗe kada wani ya faɗi. Sai na ji ƙaramar murya daga sama tana cewa, "Ruwa ya janye."

Har yau ban daina damuwa ba. Kowace Lahadi sai na share wurin na tsince duwatsu, ina tunanin ranar da wani zai gurɗe. Na dai gane cewa Kaka ba ta yi mini alkawarin bayan jaki ba zai yi ciwo ba. Tabita ta girma, ita ke kaɗa mana ganga yanzu. Idan aka tashi, ni nake tsayawa in kakkaɓe tabarmar ƙarshen, in naɗe ta a hankali.