Masassarar da Muhtari Bai Yi Ba

Muhtari, mutumin garin Dauran, ya shekara goma sha takwas yana dako a kasuwar hatsi ta Ƙaura Namoda. Tsofaffin direbobi sun tabbatar mini cewa bai taɓa neman a aza masa buhu ba. A watan Oktoba na 1999 aka yi masa aikin ƙaba. Likita ya hana shi ɗaukar kaya mai nauyi har mako shida, kada ciwo ya zauna masa a gindin cinya.

Da ya koma gida jinya, sai ya ce masassara ce ta kwantar da shi, domin wurin da aka yanka ba wurin da ake ambata ba ne. A makon ne samarin gari suka tafi Gusau taron ƙaddamar da Shari'a, geron surukinsa kuwa yana zube a gona.

"Muhtari, masassarar ta sake ka?" in ji surukin. "Ƙato kamarka! Gobe ka zo mu kwashe damman nan."

"Ta sake ni, Baba," in ji Muhtari, kansa a sunkuye.

Dami talatin da ɗaya ya kai rumbu, kwana goma sha biyu bayan aikin. Tun daga ranar raɗaɗi bai bar wurin da aka yanka ba, bai kuma sake ɗaukar buhu ba. Matarsa Kulsumu kaɗai ta san gaskiya, ita ma kunyar mahaifinta ta hana ta faɗa. Tsohon ya rasu yana gaya wa mutane cewa 'yarsa ta auri raggo.