Ni Ce Tafintar Mahaifiyata a Asibiti

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, mahaifiyata ta kira ni ɗakinta bayan sallar asuba, ta kama hannuna ta ɗora a nononta na hagu. Wani abu ne mai tauri, girman gurjiya. Ta ce ba ya ciwo, wata uku ke nan tana jin sa.

Likitan unguwarmu muka fara zuwa wajensa. Dattijo ne da ke da ƙaramin asibiti a bakin Zango, shi yake duba mata hawan jini tun ina makarantar firamare. Ba Bahaushe ba ne, amma a cikinmu ya girma, Hausarsa har ta fi tawa. Ya duba ta, ya rubuta takarda zuwa babban asibiti.

A can likitan da ya ƙware kan cutar Faransanci kawai yake yi, Mma kuwa, wato mahaifiyata, Hausa da yaren Mina na kasuwa take ji. Sai na zama tafinta, ina ta hura hanci wai ni mai boko. Ranar da sakamako ya fito, ya kalle mu ya faɗi sunan cutar. Mma ta juyo ta ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce ƙari ne, Mma. Za a yi miki ƙarin ruwa sau shida, ya narke."

Ta ce alhamdulillahi. Ni kuma na shiga bayi na yi kukana, na wanke fuska na fito.

Ƙarin ruwan nan shi ne shimiyo, maganin da ake sa wa masu sankara ta jijiya, duk bayan mako uku. Na farko ta daure. Bayan na biyu gashinta ya fara bin mataji, bakinta ya yi gyambo, ko koko ba ya zama a cikinta. Matar da take wuni a tsaye a rumfar atamfarta a kasuwar Hédzranawoé ta koma sai an riƙe ta za ta yi alwala.

Saura kwana huɗu a yi na uku ta ce mini, "Ba zan koma ba. Ƙarin bai taɓa hana ni barci ba, maganinsu ne zai kai ni kabari."

Na roƙa, na yi fushi, na kira yayana a waya ya sa baki. Ta ce ta gama magana. Abin da ta yarda da shi kawai shi ne mu je wajen likitan unguwa saboda gyambon bakin, tunda dama shi yake auna mata jini kafin kowane zagaye.

Ya haska bakinta da tocila, ya auna ta, ya saurari duk ƙorafinta bai katse ta ba. Sannan ya ce, "Hajiya, me aka gaya miki yana damun ki?"

Ta ce, "Ƙari ne, in ji yarinyar nan."

Ya ɗago ya dube ni. Na sa ido a kan takalmina.

Ya ce, "Takardar da suka aiko mini tana nan. Kina so in gaya miki abin da ke ciki duka, ko kin fi so 'ya'yanki su riƙe miki?"

Ta ce, "Dokita, jikina ne. Faɗa mini."

Ya jawo kujerarsa kusa da ita ya ce sankara ce. Ya ce an gan ta tun ba ta yi nisa ba, rashin ciwon kuma ba ya nufin tana zaune wuri ɗaya. Mma ta shiga murza bakin mayafinta.

Can ta ce, "In na bari fa?"

Ya ce, "Za ta yaɗu. Ba zan ce miki magani ya tabbata zai warkar ba, wannan na Allah ne. Amma wahalar da kike sha, da yawanta ana iya rage ta, da an sani."

A gabanmu ya kira likitan babban asibiti, suka yi magana, aka canja mata maganin amai. Ya rubuta na kurkurar baki, ya rage na hawan jini tunda ta rame. Ya ce mini in saya abin auna zafin jiki, ranar da zazzaɓi ya taso kada mu ce na sauro ne mu je kemis, mu kira shi nan take.

Muka kama hanyar gida. Sai da muka shiga zaure ta tsaya ta ce, "Ni na yi jinyar ubanki har na rufe masa ido. Ke ce za ki ɓoye mini ciwona?"

Na ce, "Ki yi haƙuri, Mma."

Ta ce, "Ki wanke mini farin mayafina. Da shi zan je ran Talata."

Ta gama duka shidan, aka yi mata aiki. Sau ɗaya zazzaɓin ya zo, da rana tsaka, muka kira likitan unguwa, ya ce mu wuce babban asibiti kai tsaye, kafin mu isa ya riga ya sanar da su. Yau tana nan, gashinta ya dawo fari fat, ta koma rumfarta.

Na daɗe ina gaya wa kaina tausayinta ne ya sa na yi ƙaryar. Sai daga baya na yarda cewa kaina na tausaya wa. Muddin sunan cutar yana cikin Faransanci, ji nake kamar maganar wata mata ake yi a takarda. Na san in na faɗe shi da Hausa, ta uwata ce. Ni na kasa faɗa, kuma saura kaɗan ita ta biya da ranta.