Burodi Mai Dangwale

Shekara goma sha ɗaya na yi ina sayar da burodi a kantar wani gidan burodi, kuma duk shekarun nan ƙarya nake shara wa mutane da bakin nan nawa. Duk wanda ya tambaye ni wa ke kwaɓa mana burodi, sai in ce, "Wasu maza ne a ciki." Maza kam akwai su, har huɗu, amma aikinsu ɗaukar buhun fulawa da hura tanderu da jera gwangwanaye. Mai kwaɓin mace ce, muna ce mata Yaya, kuma zabiya ce.

Ta riga ni zuwa gidan da shekara tara. Ranar da Maigida ya ɗauke ta aiki, sharaɗi ɗaya ya gindaya mata: ta ƙofar baya za ta riƙa shiga da fita, kada mai saye ya gan ta. Shi a ganinsa taimako ya yi. Har yau in ka zauna da shi zai ba ka labarin yadda gida uku suka kore ta kafin shi ya tausaya. Bai taɓa zaginta ba, wannan ni shaida ce. Sai dai ya karkace kai ya ce, "Kin san halin mutane, Yaya. Harkar abinci ce. Wallahi ba ni ba ne."

To bari in gaya maka yadda ƙofar bayan take. Gaban shagonmu titi ne mai rumfuna a jere, mutum zai taka har tashar mota rana ba ta taɓa shi ba. Bayan kuwa wani dogon lungu ne mai kwata a tsakiya, ba bishiya, ba inuwar katanga, sai ka zagaye layi biyu kafin ka fito titi. Yaya tana tashi aiki ƙarfe biyu, daidai lokacin da rana ta fi mugunta, ga fatarta ba ta shiri da rana ko kaɗan. Takan sa malafa da riga mai dogon hannu, ta naɗe wuya da mayafi, amma duk da haka ƙeyarta da bayan hannuwanta sun cika da baƙaƙen tabbai. Akwai wani gyambo a gefen kunnenta da ya yi wata biyar yana warkewa yana dawowa. Tafiyar minti biyu a inuwa, ita takan yi ta minti goma sha biyar a rana.

Ba mace ba ce mai zama a tausaya mata. Ga barkwanci. In fulawa ta yi mana buɗu-buɗu sai ta ce, "Ku dube ku kamar fatalwa. Ni kaɗai ce fulawa ba ta tona wa asiri." Mijinta mai gyaran rediyo ne, baƙi wuluk, 'ya'yansu biyu duk shi suka biyo. Takan ce ko a haihuwa an yi mata rinto.

Ita ce ta uku cikin su bakwai a gidansu, ita kaɗai ta fito haka. An sa ta makaranta, amma idonta ba ya ganin allo sai daga kusa, yaran layin gaba kuma suka ƙi zama kusa da ita. Malamin, don a zauna lafiya, ya mayar da ita bencin ƙarshe. Shekara uku tana kallon allo kamar hayaƙi, rannan ta naɗe littattafanta ba ta sake komawa ba.

Raunin idon nan ne asalin dangwalen. Mai kwaɓi yakan duba ƙullu a gwangwani ya gane ko ya tashi. Yaya ba ta iya ganin wannan, sai ta koya wa babban yatsanta. Kafin a sa a tanderu takan bi gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, ta danna kowanne a kusurwa. In gurbin ya cike nan take, da saura. In ƙullun ya sace, an makara. In ya ɗan dawo ya tsaya, sai ta ce, "Ɗauka." Haka kowane burodi ke fitowa da ɗan gurbi a gefe. Masu saye suka sa masa suna mai dangwale, suna juya leda suna neman gurbin kafin su karɓa.

Cikinsu babu kamar wata hajiya da muke kira Hajiya Biyu-biyu, don kullum ƙarfe takwas za ta zo ta ɗauki biyu. Tun kafin in fara aiki take zuwa. Da burodin nan ta raini 'ya'yanta, ga shi ta shiga jikoki. Ita ce ta taɓa gaya mini, tana yatsina fuska, wai ta fasa shan kunun wata mata don ta ga zabiya na wanke mata kwanuka. Ni kuma na yi dariya na miƙa mata ledarta. Har yau in na tuna dariyar nan sai in ji na tsani kaina.

Da aka buɗe wasu gidajen burodi a kusa, sai Maigida ya ce za a yi sabon allon talla. Ya kawo mai hoto, ya sa aka ba ni farar riga da farar hula, aka barbaɗa mini fulawa a hannu, na ɗaga babban yatsa kusa da burodi. Ni da ko ƙullun cin-cin ban iya murzawa ba. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Har kwalli na ƙara.

Ranar da aka kafa allon, mazan ciki suka yi ta tsokanata. Yaya ta ce in nuna mata a waya, tunda ba ta da hanyar ganin gaban shagon. Ta kai wayar dab da idonta, ta daɗe tana bi a hankali, daga hular har yatsan.

"Kin yi kyau, ƙanwata," in ji ta. "Yatsan ma ya yi kyau. Ba tabo ko ɗaya."

Ta miƙo mini wayar ta koma kan teburinta. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari burodi ya fito lafiya lau, ga laushi ga ƙamshi, amma ba gurbi. Yaya ta yi kwaɓinta ta yi murjinta, ta riƙa ɗora tafin hannu a hankali tana jin tashin ƙullun, ba ta danna ko ɗaya ba. Maigida ya shigo yana huci.

"Yaya, ina dangwalen?"

"Ai mai dangwalen tana kanta, Maigida. Na ga hotonta."

"Wasa kike yi da abincinmu?"

"Shekara ashirin ban yi wasa da shi ba. Aiki ka ɗauke ni, ga aiki na yi. Yatsa kuwa nawa ne. Ranar da ya shigo ta ƙofar gaba, zai koma bakin aikinsa."

Maigida ya ce shi ba za a juya shi a gidansa ba, dangwale dai ai ba karatu ba ne. Ya sa mai hura tanderu ya danna. Shi kuma ya danna tun ƙullu bai tashi ba, gurbin ya shafe a wuta kamar ba a yi ba. Kashegari ya jira har ya wuce, yana dannawa burodi na sacewa, tire guda ya fito kamar an zauna a kai. Rana ta uku Maigida da kansa ya naɗe hannun riga, ya bi burodin da ya riga ya gasu yana lotsa shi da yatsa. Ɓawon ya farfashe, ya kuma ƙone yatsansa. Yaya na gefe tana murza ƙullu, ko gezau.

A kanta ni nake shan tambaya. Wasu suka ce mun canza hannu, wasu suka ce jabu muke sayarwa a ledar gidan. Ran na biyar Hajiya Biyu-biyu ta dire ledarta a gabana, shago cike da mutane.

"Ke 'yar nan, ba ke ce a allo ba? Tunda aka ɗauke ki hoto sai kika fi ƙarfin dangwale? Shiga ki yi mana yadda kika saba."

Na buɗe baki zan kawo tsohuwar ƙaryata, sai na ji ta ƙi fitowa. Ƙofar da ke tsakanin kanta da ɗakin kwaɓi tana bayana, kullum a rufe. Na san Yaya na jin komai.

"Hajiya, ban taɓa kwaɓa burodi ba a rayuwata," na ce. "Bari ki ga mai yi."

Na tura ƙofar. Ban kira ta ba, ita ta fito da kanta, ɗauke da tiren ƙullun da ya tashi, tana ƙifta ido saboda hasken titi. Ta ajiye tiren a kan kantar. Ta bi gwangwani shida ɗaya bayan ɗaya tana dannawa, kowanne gurbin ya ɗan dawo ya tsaya.

"Ina kwana, Hajiya," ta ce. "Muryarki na sani, yau ga fuska. Yaya jikokin?"

Hajiya ba ta amsa ba. Ta dubi hannun, ta dubi tabban da ke bayansa, ta kai mayafi bakinta. Ta fita ta bar ledar a nan. Mutum uku suka bi bayanta, wani yana tofar da yawu a bakin ƙofa. Wani tsoho mai gadi da ke saye kullum ya ce, "To ni dai a gasa waɗannan shidan, ina jira."

Maigida ya jira shago ya rage, sannan ya sauke mana kwandon faɗa. Ya ce ni butulu ce, ita kuma ta rusa abin da ya gina. Yaya ta bar shi ya gama.

"Maigida, ka taimake ni, ban manta ba. Amma duba nan." Ta janye mayafi ta nuna masa gyambon kunnenta. "Wannan lungunka ne. Likita ya ce in ban bar rana ba, abin zai zama wani abu. Ni ba hoto nake so ba, ka bar wa ƙanwata allonta. Ƙofa nake so. In ka ce a'a, ka faɗa mini yanzu in ɗauki malafata."

Ya yi tsuru-tsuru. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya shige ofishinsa ya rufe. Ƙarfe biyu na yi, Yaya ta wanke hannu, ta ratsa ta wajen kantar, ta fita ta ƙofar gaba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonta tana tafiya ƙarƙashin rumfuna, malafar a hannu. Masu shaguna suka yi ta leƙe, wani ya ce, "Baturiya, daga ina?" Ta ce, "Daga inda kake sayen karin kumallonka." Ni kuwa hawaye nake, ban ma damu a gan ni ba.

Kada ka ɗauka daga nan komai ya yi daɗi. Akwai waɗanda ba su sake tako shagon ba har yau. Wani mai shayi ya janye odarsa. Maigida ya yi sati biyu ba ya amsa gaisuwata. Amma dangwale ya dawo, ƙofar tsakiya ta zauna a buɗe, kuma Yaya ta ɗauki wata sabuwar ɗabi'a: tiren ƙarfe takwas ita take fito da shi da kanta. Allon kuwa ni na sa aka sauke, na ce wa Maigida in bai cire ba zan hau da wuƙa.

Hajiya Biyu-biyu ta yi kwana tara ba ta zo ba. Mun ji labari ta zagaye gidajen burodin unguwar, jikokinta suna juya leda suna ture wa. Ran na goma sai ga ta, ƙarfe takwas daidai, ta sha mur. Yaya na tsaye da tire. Hajiya ta yi kamar ba ta gan ta ba, ta dube ni.

"'Yar nan, sa mini biyu."

Na kai hannu, don jiki ya saba. Sai na ji Yaya ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin kanta. Na janye hannuna na harɗe su a ƙirji.

Yaya ta zaɓi biyu masu zafi, ta sa a leda, ta miƙa. Ba ta ajiye a kan kantar ba, ta riƙe a hannunta.

"Ajiye mana," in ji Hajiya, idonta na kan bango.

"Hajiya, shekara ashirin hannun nan yana cikin abincinki, har wuyan hannu. Da shi 'ya'yanki suka yi ƙashi. Leda ce kawai ta rage tsakaninmu. Karɓi."

Mutane na jira a baya. Hannun Yaya na miƙe, burodi na turiri a cikin leda, ba ta sauke ba, ba ta kuma matsa ba. Ni dai na ƙudura a raina ko za mu kai azahar a haka ba zan taɓa ledar nan ba.

Hajiya ta sa hannu ta karɓa. Yatsunsu suka haɗu a bakin ledar. Ta juya burodin yadda ta saba, ta nemo gurbin, ta tsaya tana kallonsa. Har ta kai ƙofa sannan ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Jikokin suna lafiya."

"Madalla," in ji Yaya. "Sai gobe ƙarfe takwas. Ina nan."