Lokacin da Na Ajiye Maharbi Na Bi Tsohuwa da Saniyarta

Shekarun baya, zamanin babban farin nan da ya cinye dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu, ina saurayi, ina da 'yar rumfar ɗinki a Gidan Rumji. Na ce rumfar ɗinki ne don akwai keken ɗinki a ciki, amma aiki kam babu. Mutumin da bai san abin da iyalinsa za su ci gobe ba, ina zai kawo maka yadi? Sai in wuni ina goge keke ina korar ƙuda. Na ɗan taɓa lakol, wato makaranta, na iya rubutun boko, don haka wata rana na samo tsohon kaye, wato littafin rubutu, da alƙalamin bik, na fara rubuta labari don in rage zaman banza.

Labarin wani maharbi ne da iskoki suka ba baka da kibau bakwai. Ba ya harbi ya kuskure. Ya kashe dodo mai kai uku a bakin gulbi, ya hau doki mai fukafukai, har ya auri 'yar sarkin aljannu, ya sake ta don ta raina mahaifiyarsa. Ban raɗa masa suna ba, Maharbi kawai nake ce masa, kowa ma haka ya san shi.

Wanda ya fara jin labarin shi ne abokina, mai gyaran kekuna a tsallaken hanya. Tare muka tashi, bakinsa kuwa ba ya riƙe magana. Kafin wata ya zagayo, duk ranar kasuwa bayan la'asar rumfata cike take, wasu kan benci, wasu a ƙasa, ina karanta sabon kashi. Wani malamin lakol ya riƙa kwafewa yana ba masu amalanke su kai Cadakori da Gidan Sori, inda waɗanda suka iya karatu ke karanta wa sauran. Ni kuwa kai ya kumbura. Na koma yawo da bik maƙale a kunne kamar ma'aikacin buro, wato ofis, ga ciki babu ko fura.

Ana cikin haka mahaifiyata ta aike ni Gidan Sori in kai wa ƙanwarta ɗan hatsi. Na daɗe ban fita daga gari ba. Abin da na gani a hanya bai bar ni ba har yau: mushe a dama, mushe a hagu, ungulaye sun ƙoshi har sun daina tashi in mutum ya matso. Can na tarar da wata tsohuwa Bafulatana da mijinta, saniyarsu guda ta kwanta ta ƙi tashi. Shi ya zura sanda ƙarƙashin cikinta yana ɗagawa, ita ta riƙe wutsiya tana yi mata magana a hankali kamar mai lallashin jariri. Ba wanda ke kuka. Na yi sallama, suka amsa, na sa hannu muka ɗaga ta, na wuce.

Da na dawo gida na buɗe kaye, Maharbi ya ƙi zuwa. Kwana uku ina fama. Duk sanda na ɗora masa kibiya a baka, sai in tambayi kaina, to mi zai harba, sama? Rana ta huɗu na kai shi ƙofar birnin aljannu, na bar shi tsaye hannunsa kan ƙyaure, na juya shafi. Na fara labarin wata tsohuwa makiyayiya mai saniya guda. Ta ji labari can gabas mai nisa wani aljani ya kama gizagizai ya ɗaure su a turke kamar shanu, shi ya sa ruwa ya ƙi sauka. Sai ta ce ita ba ta iya yaƙi ba, amma tun tana yarinya take kwance dabba daga turke, don haka za ta je ta kwance su.

Ranar kasuwa na gyara murya na fara. Shafin farko aka yi tsit. Shafi na biyu aka fara motsi. Ban kai na uku ba abokina ya ɗaga hannu.

"Dakata, dakata. Wagga tsohuwa, yaushe za ta gamu da Maharbi?"

Na ce, "Ba yanzu ba."

"To yaushe?"

"Wataƙila ba za su gamu ba. Labarinta ne yanzu."

Sai rumfa ta ruɗe. Wani ya ce ko kuwa wani kaye na ɗauko bisa kuskure. Wani dattijo ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce shi bai baro gida don a ba shi labarin tsohuwa ba, yana da guda a gida. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma sai na ga mutane na bin bayansa ɗaya ɗaya. Abokina ya tsaya har aka watse, sannan ya matso.

"Kai, ka san abin da ya sa muke zuwa nan? Muna zuwa ne mu manta da yunwa na ɗan lokaci. Yanzu ka ɗauko yunwar ka zuba mana cikin labari. Kuma duk mutanen duniya ka rasa wanda za ka ɗora mana sai masu shanu, waɗanda suka cinye mana kara suka kafe mana rijiya?"

Na ce masa labarin nawa ne, ni na san inda zan kai shi. Ya ce to in ci labarina. Ya tsallaka hanya, makonni da yawa ko gaisuwa ba ta haɗa mu ba.

Saƙonni kuma suka fara zuwa. Kayen da aka kai Cadakori ya dawo, an rubuta a gefen shafi da manyan baƙaƙe cewa a maido musu da mutuminsu. Na Gidan Sori ya dawo an yage shafukan tsohuwar gaba ɗaya. Na ji har wani saurayi a can ya fara rubuta nasa ci gaban, ya shigar da Maharbi birnin aljannu ya sa ya kashe mutum dubu kafin azahar. Malamin lakol ya ce mini cikin ladabi hannunsa na ciwo, zai ɗan huta da kwafa.

Na kai ƙara wurin mahaifiyata, ina tsammanin za ta tsaya mini. Tana zaune tana tsince ganyen da muke haɗawa da ɗan gari a lokacin. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce:

"Suna da gaskiya."

"Inna, har da ke?"

"Dubi mutanen da ke zama rumfarka. Akwai wanda ɗansa ko wansa bai tsallaka zuwa Najeriya neman abinci ba? Wasu ko sallama ba su yi ba, an tashi da safe an ga ba su. Kai ma ka ɗauke musu mutum ba sallama." Ta ci gaba da tsince ganyenta, can ta ƙara da cewa, "Amma ita tsohuwar, ta sami ruwa kuwa a rijiyar nan da ta nufa?"

Ashe ta bayan zana take sauraro duk ranar da nake maimaita karatu a tsakar gida.

Maganarta ta shige ni. Mako na gaba, kafin in fara, na faɗa wa waɗanda suka zo cewa na yi kuskure da na ɗauke Maharbi ban sanar da su ba. Na ce yana nan da ransa, lafiyarsa ƙalau, amma ba zan yi musu ƙarya ba, ba shi zan bi ba. Mutum biyar ne a rumfar ran nan, biyu suka tashi. Na karanta wa uku.

Cikin ukun akwai wani dattijo makiyayi, daga cikin waɗanda fari ya koro suka yada zango a bayan gari. Neman inuwa ne ya kawo shi, ba labari ba. Ina tsakiyar karanta yadda tsohuwa ta ja saniyarta da igiya, sai ya yi gyaran murya.

"Tela, wa ya gaya maka ana jan nagge da igiya?" Nagge ita ce saniya a bakinsu. "Wadda ka rena tun tana maraƙa? Kiranta kake, ta bi ka."

Kunya ta kama ni, don ni iyakar sanina da saniya in gan ta a kasuwa. Na ce, "Baba, to gyara mini." Ya gyara. Daga ran nan kullum sai ya zo da hantsi ya zauna kusa da keke, ina tambaya yana amsawa, da Hausarsa mai ɗan karkata. Shi ya koya mini yadda saniya ke shinshino ruwa daga nesa, da ganyen da ake sassaro mata in ciyawa ta ƙare, da yadda ake gane wadda ta kwanta don gajiya da wadda ta kwanta ke nan. Shanunsa sun fi talatin kafin farin. Lokacin da muka san juna ba shi da ko ɗaya.

Labari ya yi ƙarfi, ni kaina na ji. Makiyayan zango suka fara zuwa, mata da maza, suna zama gefe guda. Mutanen gari suka fara dawowa kaɗan kaɗan, wasu don su ga abin da ya tara Fulani a rumfar tela. Abokina bai zo ba, amma na lura duk ranar kasuwa bayan la'asar yakan jawo keken da yake gyara zuwa bakin hanya, ya duƙa kan taya guda har in gama. Tayar nan ta sha gyara.

Sai muka iso inda saniya ta faɗi, saura tafiyar kwana ɗaya a kai turken gizagizai. A nan na tsaya ran nan. Gardama ta kaure. Manoma na cewa dole ta tashi, ai labari ne, a kawo wani aljani ya tofa mata. Ba zato sai ga murya daga tsallaken hanya:

"Wallahi in ka kashe saniyar nan, ni da kai har abada!"

Abokina ne, riƙe da famfo a hannu. Aka fashe da dariya, ya rasa inda zai sa kansa, sai kawai ya tsallako ya zauna. Daga baya na ji a makon ne ya rabu da san da yake noma da shi, wanda mahaifinsa ya bar masa.

Makiyaya ba su sa baki a gardamar ba. Da aka watse na tambayi dattijon yadda ya gani. Sai ya ce:

"Ta mutu, tela. Rubuta ta mutu. Nawa sun mutu, ba aljanin da ya zo. Amma ka faɗi abin da matar ta yi da gari ya waye. Wannan ne ba wanda ke faɗi."

Haka na rubuta. Saniya ta mutu, tsohuwa ta zauna kusa da ita har rana ta fito, ta ɗauki sandarta ta ci gaba ita kaɗai. Ranar da na karanta wannan kashin ba a yi tafi ba, ba a yi gardama ba. Wata mata daga zango ta ja mayafi ta rufe fuska. Abokina ya tashi ya tafi bai dube ni ba, amma washegari da safe ya leƙo rumfa ya ce in ba shi aron almakashi, alhali na san yana da nasa.

Ba zan ce kowa ya dawo ba. Da yawa sun tafi ke nan, mutanen Cadakori kuwa ba su sake neman kayena ba. Ban ga laifinsu ba, kuma ban yi da-na-sani ba. Abin da na koya shi ne, in mai karatu ya yi fushi don an ɗauke masa wanda yake so, ƙauna ce ta sa, kuma yana da haƙƙin a gaya masa gaskiya tun da wuri. Alƙalamin dai yana hannunka. In labari ya juya ya nufi wani wuri, ka bi shi, ko da mutum uku ne suka rage a gabanka. Yau in na ga ana yi wa wani marubuci ca don ya kawo sababbin mutane cikin littafinsa, murmushi kawai nake yi. Na san zafin, na kuma san ana wucewa.

Da ruwa ya sauka a daminar da ta biyo, dattijon ya zo yi mini sallama. Zai tafi arewa ya yi wa wani kiwo. Ya tambaye ni ko tsohuwa ta kwance gizagizan, na ce ta kwance, amma ban san yadda zan rufe labarin ba, don ruwa ya zo ita kuwa ba ta da ko akuya.

Ya ce, "A wurinmu, in mutum ya rasa komai, wani yakan ba shi aron karsana. Ya riƙe ta har ta haihu, 'ya'yan nasa ne, ya mayar da uwar. Habbanaye muke ce masa. Ka sa wani ya ba ta."

Na ce, "Wa zai ba ta, Baba, duk makiyayan labarin sun tsiyace?"

Ya dubi tsallaken hanya inda abokina yake, ya dube ni, ya saɓa sandarsa a kafaɗa.

"To ka sa manomi ya ba ta."

Na sa. Shi dai bai ji ƙarshen ba, don tun daga ran nan ban sake ganinsa ba.