Malam Lawal da Motar da Aka Daina Ƙerawa

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar maigidana, Alhaji Lawal, kuma ban yi niyyar rubuta komai a kansa bana ba. Ɗanmu Kabiru ne ya tayar mini da tsohon zance. Ya zo gaishe ni ranar Juma'a, yana duba wayarsa, sai ya ce, "Hajiya, kin ji kamfanin da ya ƙera tsohuwar motarki zai daina yin salun gaba ɗaya? Wai daga yanzu sai jif da a-kori-kura." Salun dai ita ce ƙaramar motar nan mai ƙofa huɗu da but a baya. Ya zaci raina zai ɓaci. Dariya na yi har da hawaye, domin na san mutumin da, da yana raye, da tuni ya ɗauki hula ya fita neman abokan musu.

Mun taɓa ganin irin wannan rana a Katsina. A shekarun da arzikin man fetur ya buɗe, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, gari ya rikice da murna. Masu keke suka koma babur, masu babur suka fara zancen mota. Malam, haka nake kiransa a lokacin domin bai je Makka ba tukuna, malamin gona ne, kullum yana kan babur tsakanin Ƙofar Sauri da gonakin Batagarawa. Ni kuma ina koyarwa a firamare. Muna zaune a Ƙofar Sauri, a wani sashe na gidan yayansa, Alhaji Garba mai sayar da yadi, amma mun fara namu ginin a Kambarawa, saura rufi kawai.

Akwai wata salun da Malam ya ƙwallafa rai a kanta. In ya haɗu da irinta a hanya, sai ya rage gudu ya bi ta da kallo. Alhaji Garba yana da guda ɗaya, kuma ba ya yarda kowa ya ko jingina da ita.

Kwatsam sai labari ya zo daga Kano cewa kamfanin ya daina ƙera wannan samfurin, sabo za a kawo. Wayyo, ku zo ku ga Katsina! A majalisa, a kasuwa, har a ofishinmu na malamai ba a zancen komai sai wannan. Wasu suka ce nan da ɗan lokaci ko fulogi ba za a samu ba, motar za ta zama akurkin kaji. Masu ita suka shiga neman mai saye ido rufe. Alhaji Garba ma bai yi wata-wata ba ya rabu da tasa, ya shigo sashenmu yana ba da labari kamar wanda ya tsallake rijiya.

Malam ya bari ya gama, sannan ya ce, "Yaya, ni kuwa gobe Kano za ni tahi. An ce akwai ragowar sababbi a wurin dila."

"Lawal, kana lahiya kuwa? Mutane na gudu, kai kana shiga?"

"Yaya, abin da aka daɗe ana ƙerawa an gama gano laifinshi an gyara. Ta ƙarshen ita ce mai kyau. Sabuwar da kuke jira, a kanku za a koya."

Alhaji Garba ya juyo wurina. "Malama Binta, ki yi mashi magana. Kuɗin kwanon rufinku ne zai kai Kano."

Na kuwa yi magana, domin damina na tafe, kuma na ƙosa in ga kaina a gidana. Malam ya saurare ni har na gaji. Ya ce, "Malama, kwano shina nan a kasuwa ko baɗi. Wagga mota in ta wuce, ta wuce har abada." Idanunsa na ƙyalli kamar na ango. Na ce ya je, amma in ruwa ya zubar da bangon, shi zai yi wa dangina bayani.

Ranar da ya dawo, tun daga bakin titi muka ji oda. Fara ce tas, kujerunta da leda, ƙamshin sabunta ya cika lungu. Mata suka leƙo ta katanga, wata ta rangaɗa guɗa. Da ya buɗe but, sai ga shi maƙare da kayan gyara: fulogi, fambel, fitilu, har da lagireto a cikin kwalinsa. Ashe ya zaga Kano ya kwashe abin da 'yan kasuwa ke neman rabuwa da shi. Maza suka yi ta dariya, suka ce Malam Lawal ya sayo mota da asibitinta.

Damina ta zo, wani ɓangare na ginin ya zube kamar yadda na faɗa, muka ƙara shekara a gidan Yaya. Na yi fushi na gaske. A cikin fushin ne wata Asabar ya ce in shirya mu je Batagarawa. Da muka kai wani fili bayan gonaki, ya tsaya, ya fita, ya zagayo ya buɗe ƙofata.

"Koma can. Motar da za mu tsufa da ita, ba zai yiwu mutum ɗaya ne kawai ya iya ta ba."

Na koma na kama sitiyari. Na saki kuloci da ƙarfi, motar ta yi tsalle ta mutu. Na sake, ta sake mutuwa. Shi kuwa sai tafi yake yana cewa, "Madalla! Ta fara sanin ki!" Da ta tafi sumul, na ji iska ta ɗaga mayafina, wallahi na manta da wani rufi. Ihu na yi, manoma suka ɗago kai suna kallo.

Ranar da na fara shigo da ita Ƙofar Sauri da kaina, Alhaji Garba ya daina amsa gaisuwata na wani lokaci. Ya ce ƙanensa ya zubar musu da mutunci. Malam bai yi musu da shi ba, bai kuma karɓe makulli ba. Sabuwar motar da Yaya ya saya kuwa ta sha zuwa gareji, tamu tana ta kai da kawowa. Bayan shekaru, da ciwon ido ya hana Malam tuƙi, ni nake kai shi gona yana gefe yana ba ni umarnin da ba na bukata.

Me zai ce da labarin yau? Na tabbata ba zai yi kuka ba. Zai ce kamfani ya bi inda kasuwa ta karkata, kuma da ramukan hanyoyinmu ba a ga laifin mai son jif ba. Amma zai tambaya: tsofaffi masu ciwon gwiwa irina, wa zai riƙa ɗaga mu zuwa wannan doguwar kujera? Direban tasi da ƙaramin ma'aikaci fa, da wane mai za su ciyar da ita? Zai ce mutane za su rabu biyu kamar dā, masu gudu da masu rububi, wasu kuma su koma wani kamfanin da bai manta da su ba. Na san ɓangaren da zai shiga, kuma da murnarsa zai shiga.

Motar ta daɗe da barin hannunmu, ban ma san inda ta ƙare ba. Abin da ya rage ya fi ta. Bayan na iya, abokan aikina mata suka riƙa roƙo a asirce in koya musu, Malam ya ce a ɗauki motar, in ta ƙuje ta ƙuje. Malaman makaranta, ungozomomi, wata mai ɗinki, duk a kanta suka koya, su ma suka koya wa wasu.

Ranar zaman makokin Malam a Kambarawa, motoci suka cika layinmu har suka fita titi. Alhaji Garba, ya tsufa yana dogara sanda, ya ga mata suna fitowa daga mazaunin direba ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi Kabiru ko su wane ne. Kabiru ya gaya masa su ne matan da suka koyi tuƙi ta dalilin motar Malam. Sai ya aiko a kira ni zaure.

"Hajiya Binta," ya ce, "ba don takaba ba, da yau ke za ki mai da ni gida."

Allah ya jiƙan su duka biyun, ya yalwata musu makwanci, ya sa mu tarar da su cikin rahama.