Ranar da Jikata Ta Girgiza wa Dattijo Kai

Yanzu shekaru sun ja, nakan manta inda na ajiye carbina, amma ranar da jikata ta zauna a ɗakina tana neman aiki ta cikin kwamfuta, wannan sai dai a binne ni da ita.

Marainiya ce, a hannuna ta tashi a nan Kawo. Ta gama jami'a, ta yi bautar ƙasa, ta ɗan taɓa aiki, wurin ya rufe. Zaman gida ya yi tsawo har yarinya ta fara ramewa. Ana nan sai wani kamfani, na masu haɗa abubuwan da ake amfani da su a waya, ya kira ta ganawa. Na tambaye ta wane irin aiki ne.

Ta ce, "Kaka, kamar uwar biki ne. Ba ni zan dafa ba, amma ni zan san wa ke kan wace tukunya, da lokacin da za a sauke."

Na ce, "To, wannan na gane. Ke da tuwonki ke yin gudaji."

A ɗakina ta zauna, don nan waya ta fi kamawa. Na koma bakin gado ina kallo. Mutum uku suka bayyana a gilashin, na tsakiyarsu dattijo ne, gemu fari fat. Turanci suke yi, ni kuwa ban yi boko ba, amma na daɗe ina karanta fuska. Da fari lafiya lau, har da murmushi. Can sai dattijon ya matso ya yi wata tambaya. Yarinyar nan da na koya wa sunkuyar da kai a gaban manya, sai na ga ta dube shi, ta girgiza kai. Ya maimaita, murya ta ɗan ɗaga. Ta sake girgiza kai a natse, tana yi masa bayani da yatsu.

Da suka gama na ce, "Ke, me ya haɗa ki da sa'an kakanki?"

Ta ce, "So yake in yi alkawarin gama musu wani aiki kafin azumi. Na ce da mutanen da suke da su ba zai yiwu ba. Ko a ƙara hannu, ko a rage aikin, ko a ƙara lokaci."

Da la'asar kawunta, ma'aikacin gwamnati, ya iso daga Unguwar Sarki. Da ya ji, sai ya riƙe baki. "Ai da kin ce in sha Allahu. Kowa haka yake yi. In kin shiga sai a san yadda za a yi."

Ta durƙusa kamar yadda ta saba, ta ce, "Kawu, in na san ba zai yiwu ba na ce in sha Allahu, sunan Allah na ɗauka na rufe ƙarya."

Ya saka takalminsa ya tafi.

Kwanaki suka shuɗe babu labari. Kullum in waya ta yi ƙara sai mu dubi juna, sai ya zama mai kayan miya ne. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce da na sani ba, ni ce dai barcina ya ragu.

Rannan tana wanke shinkafa kira ya shigo. Dattijon ne da kansa, ashe ma yana jin Hausa. Ya ce wanda ya riƙe aikin a baya ba ya taɓa cewa a'a, haka suka yi ta jira har waɗanda suka ba su kwangilar suka janye. Ya ce ta zo ranar Litinin. Ta goge hannu a zani, ta zauna a ƙasa, sai a lokacin hawaye ya zubo mata.

Na tsufa ina zaton ladabi shi ne ka faɗa wa babba abin da yake so ya ji. A wurin jikata na koyi cewa ana iya durƙusa wa mutum a kuma faɗa masa gaskiya, kuma wannan ladabin ya fi wuya.