Kwalbar Barmo Ta Ga Rana

Ranar Talata, 16 ga Afrilun 1963, da hantsi, Allah ya karɓi ran Barmo Jaye a gidansu da ke Gangara, bayan kwana huɗu yana fama da sanƙarau. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ni Idrisa, malamin lakol, wato makarantar boko, a Agiye, da ni aka sa shi a kabari, amma har yau zuciyata ta ƙi kwanciya.

Barmo, tare aka kai mu lakol muna kuka, tare muka fito. Ni na kama alli, kai ka shiga ɗakin gwajin man gyaɗa a Maraɗi, kana wanke wa Bature kwalabe. Da aka samu mulkin kai ya tafi, ya bar maka mabuɗi da tarkace. Ina tsokanarka, ina cewa ɗan mai ƙuli ya koma gidan jiya, turmin kawai ya sake. Kai kuwa sai dariya, don ba ka taɓa jin kunyar sana'ar mahaifiyarka, Inna Zainaba, ba. Matan Gangara sun shaide ka: wadda manta ya yi ɗaci, kai za ka zauna bakin murhunta har ka gano inda suyar ta ɓaci.

Shekara uku ka yi a kan abu guda. Ka ware wani sinadari daga cikin mai, ka haɗa shi da wani da ake kira binil, ka samu ruwa garai-garai wanda ba ya gauraya da ruwan sha, sai dai ya taso samansa. Ka ce a ɗakunan gwaji na ƙasashen waje da irinsa ake gwada haɗa fenti da roba mai laushi. Kai burinka buhunan gyaɗar da ruwan farko ke ruɓarwa a fili. Ina nan tsaye ka shafa shi a ƙyalle, ka gasa, ka zuba ruwa ya gangare bai jiƙa ba. Wallahi ranar na yi maka tafi kamar yaro.

Amma ka gargaɗe ni, abin yana da hali: zafi ko hasken rana na sa shi ya daskare, kuma in ya daskare ya tafi ke nan. Kwalba guda ka samu, ita za ka nuna wa manyan buro, wato ofishinku, a ƙarshen wata, in ba haka ba su rufe ɗakin gwajin. Da ka zo hutu ba ka yarda ka bar ta a zafin Maraɗi ba, ka taho da ita ka binne cikin jiƙaƙƙen rairayi a gindin randar Inna. Da ciwo ya kayar da kai, ka riƙe hannuna ka ce, "Idrisa, ka kai wa Chindo abokin aikina. Kada ta ga rana." Na ce na ɗauka.

Ban ɗauka ba, Barmo. Kunya ta hana ni. Yaya zan shiga gidan makoki, mata na kuka, in ce a ba ni kwalba? Na ce bari a yi sadakar uku. Aka yi, na ce bari baƙi su ragu. Kaico, sai rana ta shida na shiga.

Na tarar da kwalbar a kan dangar gida, tsakar rana. Inna ta tono ta wajen gyaran randa, ta ga kamar ruwan cikinta ya yi kauri, ta yi mata abin da ta shekara arba'in tana yi wa man da sanyi ya kama. Ba ta faɗin sunanka, kai ne ɗan fari. Ta ce, "Ɗana, man abokinka ya ƙi sakewa. Kwana uku ina fitar da shi rana, kada ya lalace masa."

Na juya kwalbar, ko motsi. Ruwan ya zama kamar danƙo. Ta tsura mini ido tana jira, na ce, "Inna, haka aka yi shi, kin kyauta." Ta yi hamdala, ta karɓe ta, ta sa cikin kwallarta.

Chindo ya duba takardunka, awon ƙarshe a cikin kanka yake, ba ka kai ga rubutawa ba. Jiya aka sa wa ɗakin gwajin kwaɗo. Laifin nawa ne ni kaɗai, kuma ban san yadda zan dube ka ba ranar da za mu gamu.

Allah ya jiƙanka, Barmo, ya yalwata kabarinka, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Asama'u, da ƙanenka Sale, da jama'ar Gangara baki ɗaya. Allah ya ba Inna Zainaba haƙuri. Ba ta karatun boko, don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, don girman Allah, kada ya gaya mata.